Tekun da ya janye daga ƙasar Hausa, da ƙananan shaidun da ya bari

Wanda ya tsaya a gonakin da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi yana tsaye ne a kan wasu daga cikin tsofaffin duwatsun Najeriya. Manyan duwatsun da suka yi wa wannan yanki ado sun daskare ne a can cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, kuma irin wannan dutse da ya fito daga narkakkiyar wuta ba ya adana burbushin wata halitta. Amma ruwan saman da ke sauka a tsakiyar Katsina yamma yake nufa. Yana bin Karaduwa, inda aka gina madatsar Zobe, ya faɗa Bunsuru, ya isa Gulbin Rima, ya wuce ta Goronyo da Wurno. A can ƙasa ta sauya hali: falalen dutse ya nutse, an shiga shimfiɗu na yashi da laka da farar ƙasa, ɗaya bisa ɗaya. Wannan shi ne Kwarin Sakkwato, gefen kudu maso gabas na babban kwarin Iullemmeden wanda ya mamaye yammacin Nijar har cikin Mali.

A cikin waɗannan shimfiɗu akwai shaidar cewa teku ya taɓa kwanciya a inda yau ake noman albasa da shinkafa. Manyan shaidu, wato ƙasusuwan dabbobin ruwa, su suka fi jan ido. Sai dai waɗanda suka fi amfani wajen ƙididdige shekarun dutse ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, kuma masana sun shafe kusan shekara 130 suna gardama kafin su gane ko mene ne su.

Halittar da ke juyi

Sunanta dinofilajelet. An haɗa sunan daga kalmar Girkanci mai nufin juyi da kalmar Latin mai nufin bulala, domin halitta ce mai ƙwayar rai guda ɗaya wadda ke iyo da 'yan bulalu biyu. Ɗaya ta kewaye tsakiyar jikinta kamar ɗamara, ɗaya ta miƙe ta baya, don haka tafiyarta juyi ce kamar katantanwar da yara ke murzawa. Akwai fiye da nau'i 2,000 masu rai a yau, yawancinsu a teku, wasu a tafkuna. Wasu suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsiro, wasu farauta suke yi. Su ne ke sa ruwan teku ya yi ƙyalli da dare a wasu gaɓoɓi, kuma idan suka yi yawa fiye da kima sukan rina ruwa ya yi ja, kifi ya mutu.

Jikin mai iyo ba ya daɗewa bayan mutuwa, ruɓewa yake yi. Abin da ke saura shi ne ƙwanso. Duk wanda ya san gaiwa ya san dabarar: idan rani ya yi, fadama ta ƙafe, sai ta shige cikin laka ta lulluɓe kanta, ta jira damina. Wasu nau'o'in dinofilajelet, waɗanda ba su kai kashi 20 cikin 100 na masu rai ba, haka suke yi. Bayan ƙwayoyi biyu sun haɗu, sai sabuwar ƙwayar ta gina wa kanta ƙwanso mai tauri, ta nutse ƙasan ruwa ta kwanta. Idan lokaci ya yi sai ta buɗe wata 'yar ƙofa ta fice. An taɓa farkar da irin waɗannan da suka yi kusan shekara 100 a cikin lakar wani mashigin teku a Suwidin. Ƙwanson da aka bari fanko kuwa, sinadarin da aka gina shi da shi yana da juriyar da ko ruwan asid mai narkar da dutse ba ya cinsa. Shi ya sa ake samunsa a duwatsun da suka kai kusan shekara miliyan 240.

Kama da wane ba ta wane

A shekarar 1836 wani masanin Jamus, Christian Gottfried Ehrenberg, ya gabatar wa majalisar masana ta Balin abin da ya gani a cikin siraran ɓarɓashin ƙanƙara, dutsen nan da ake ƙyasta wuta da shi, waɗanda aka samo daga Delitzsch kusa da Laifzig. Ya ga siffofi iri biyu. Na farko ya gane su daidai, domin sun yi kama da dinofilajelet masu rai. Na biyu ƙwallaye ne masu ƙayoyi ta ko'ina, sai ya danganta su da wani gansakuka na ruwan daɗi mai suna Xanthidium, ya kuma ɗauka cewa jikinsu na ƙanƙara ne kamar dutsen da ya riƙe su.

Likitan Ingila Gideon Mantell, wanda aka fi sani da gano dabbar Iguanodon, shi ya fara warware kuskuren. A 1845 ya lura cewa ƙayoyin sukan lanƙwashe su murɗe, abin da ƙanƙara ba za ta yi ba, don haka abu ne mai laushi na jikin halitta. A 1850 ya raɗa wa wasunsu suna Spiniferites, sunan da ake amfani da shi har gobe. Daga nan magana ta lafa na shekaru da dama.

A 1933 Otto Wetzel ya sake ɗauko ta a Jamus. Da yake bai iya danganta ƙwallayen da wata halitta sananniya ba, sai ya ba su suna daga kalmar Girkanci ta beguwa, wato ƙwallayen beguwa. Georges Deflandre a Faransa, da Alfred Eisenack a Jamus, da Isabel Cookson a Ostareliya suka yi ta bayyana sababbin nau'o'i, ana zana su ana ba su sunaye, alhali ba a san asalinsu ba. Wasu suka ce ƙwan ƙananan dabbobin ruwa ne, wasu suka ce iri ne na tsiro.

Wanda ya kwance ƙullin shi ne William Evitt, Ba'amurke da ke aiki a ɗakin binciken wani kamfanin mai a Tulsa kafin ya koma Jami'ar Stanford. A rubuce-rubucensa na 1961 da 1963 ya nuna abu biyu. Na ɗaya, ramin da ake gani a jikin ƙwanso ba fashewa ba ce ta haɗari: yana da kusurwoyi tsararru, kuma a nau'i ɗaya kullum wuri ɗaya yake fitowa. Na biyu, ƙayoyin ba a warwatse suke ba. Idan aka ƙirga su aka duba matsayinsu, sai a ga sun bi tsarin farantan da ke lulluɓe jikin dinofilajelet mai rai. Ke nan yawancin ƙwallayen beguwa ƙwanson dinofilajelet ne. Sauran da ba su nuna wannan tsari ba ya ware su gefe guda, ya kira su akritak, ma'ana waɗanda asalinsu bai tabbata ba.

Ba kowa ya gamsu nan take ba. Hujjar da ta rufe bakin gardama ta zo daga cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka, inda David Wall da Barrie Dale suka ɗebo laka daga ƙasan teku a tsakiyar shekarun 1960, suka tsinto ƙwallaye masu ƙaya da ransu, suka ajiye su a ruwa suna kallo. Ƙofar ta buɗe, dinofilajelet ya fito yana juyi. Ƙwanson da Mantell ya kira Spiniferites ya ƙyanƙyashe halittar da masana halittun ruwa suka daɗe suna kira Gonyaulax. Gani ya kori ji. Wannan tarihi ne ya sa har yau halitta ɗaya takan ɗauki suna biyu, ɗaya na ƙwanso, ɗaya na mai iyo.

Abin da mai madubi ke dubawa

Kafin a kai ga kallo sai an raba ƙwanso da dutse. Ana daka ɗan guntun laka, a zuba masa asid na farko ya cinye farar ƙasa, a zuba na biyu, mai haɗari ƙwarai, ya cinye yashi da yumɓu. Abin da ya rage a tace shi da rariya mai ƙananan idanu, a shimfiɗa a kan gilashi, a sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Yawancin ƙwanson ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, kuma guntun laka mai kyau wanda bai fi goro ba yana iya ɗauke da dubbai.

Tambaya ta farko ita ce siffar jiki gaba ɗaya. Akwai ƙwanson da ya ginu dab da bangon uwar ƙwayar, don haka ya ɗauko kamanninta, har da ɗamarar tsakiya. Akwai wanda ya tsuke ya zama ƙwallo a tsakiya, dogayen ƙayoyi suka tokare shi da bangon waje kamar ginshiƙai. Waɗannan su ne ƙwallayen beguwa na dā. Akwai kuma mai bango biyu da sarari a tsakaninsu, kamar ƙwarya a cikin masaki. Sai a duba ƙahoni: wani yana da ɗaya a ka da biyu a gindi, wani yana da na gefe, wani ba shi da ko ɗaya.

Tambaya ta biyu ita ce tsarin farantai. Tun tsakanin 1907 da 1909 masanin Amurka Charles Kofoid ya tsara hanyar ƙirga farantan jikin dinofilajelet zobe-zobe: na ƙoli, na saman ɗamara, na ɗamara, na ƙasan ɗamara, na gindi. Da wannan ƙirga ake raba manyan dangi biyu. Dangin Gonyaulax galibi suna da faranti 6 a saman ɗamara da 1 a gindi, dangin Peridinium kuwa 7 a sama da 2 a gindi. A jikin ƙwanso ba farantan kansu ake gani ba, sawunsu ake bi: wani lokaci 'yan katangu ne siri-siri da suka shata iyakar kowane faranti, wani lokaci ƙaya guda ce a tsakiyar kowanne.

Tambaya ta uku, wadda ta fi kowace nauyi tun zamanin Evitt, ita ce ƙofar fita. Wane faranti ne ya ɓalle ya zama murfi? A Spiniferites faranti na uku ne na saman ɗamara, ta bayan jiki. A wasu dukan farantan ƙoli ne ke tashi tare kamar an cire hula, sai bakin ya zama mai zarto. A yawancin dangin Peridinium wani faranti ne da ke tsakanin ƙoli da saman ɗamara. Ƙwanso biyu suna iya yin kama ta kowace fuska, amma idan ƙofarsu ta bambanta, ba dangi ɗaya ba ne.

Daga ƙarshe sai ƙananan bayanai: ƙayoyin rufaffu ne ko masu rami kamar kara, bakinsu a buɗe kamar kakaki ko a rabe gida biyu ko uku, bangon sumul ne ko mai ƙuraje ko mai raga. A nan ake bukatar taka-tsantsan. Bincike a kan wani nau'i mai rai, Lingulodinium, ya nuna cewa tsawon ƙayarsa yana sauyawa gwargwadon gishirin ruwa da zafinsa. Wanda ya dogara da tsawon ƙaya kaɗai yana iya raba halitta ɗaya gida uku ya ba kowane gida suna. Don magance irin wannan cunkoso ne Judith Lentin da Graham Williams suka fara fitar da kundin sunayen ƙwanso a 1973, wanda ake ta sabuntawa, yanzu kuma yana intanet da dubban sunaye.

Sakkwato: daga ƙashi zuwa ƙwanso

Labarin tekun Sakkwato ya shiga littattafan kimiyya tare da mulkin mallaka. A 1904, shekara guda bayan Turawa sun ci birnin, F. A. Bather na gidan tarihin halittu da ke Landan ya wallafa bayanin burbushin bushiyar teku da jami'an shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa suka tsinto a yankin. A 1911 J. D. Falconer ya fitar da littafinsa a kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewacin Najeriya. A 1930 W. E. Swinton ya bayyana ƙasusuwan dabbobi masu jan ciki daga Lardin Sakkwato, cikinsu har da wani ƙaton ƙadangaren teku. Masana daga Italiya ƙarƙashin Augusto Azzaroli suka samo ƙarin ƙasusuwansa, a 1972 suka sa masa suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Daga baya masanin Najeriya Cornelius Kogbe ya yi aiki mai zurfi wajen tsara shimfiɗun kwarin.

Sunayen shimfiɗun na garuruwanmu ne. A ƙasa akwai Gundumi da Illo, yashi da tsakuwar da koguna suka kwaso daga tsofaffin tuddai irin na Katsina da Zamfara, har da kututturan itace da suka zama dutse. Bisa su akwai Taloka, Dukamaje da Wurno, na ƙarshen zamanin Kiretashiyos, tsakanin shekara miliyan 72 da 66 da suka wuce. Lakar Dukamaje ita ce shaidar shigowar teku, kuma a cikinta aka samu Goronyosaurus. Sannan Dange, Kalambaina da Gamba, na zamanin Faliyosin, lokacin da teku ya dawo bayan ƙarewar manyan ƙadangaru. Farar ƙasar Kalambaina, wadda masana'antar siminti ta Sakkwato ke haƙa tun 1967, tarin ɓawon halittun wannan teku ne. A can sama sai Gwandu, yashin da ya rufe komai bayan teku ya janye, wanda yau yake riƙe da ruwan da rijiyoyin burtsatse masu yawa a Kabi da Sakkwato ke zuƙowa.

Ƙashi ba ya samuwa sai an yi sa'a, kuma bakin injin haƙa rugurguza shi yake yi. Ƙwanso kuwa yana fitowa lafiya lau a cikin garin dutsen da injin ya turo waje, kuma masu bincike daga jami'o'in Najeriya sun same shi a lakar wannan kwari. Amfaninsa iri uku ne. Yana faɗin shekaru, domin nau'o'i suna bayyana su ɓace a lokuta sanannu: Dinogymnium, mai siffar mazurari biyu da aka kifa baki da baki, bai tsallake ƙarshen Kiretashiyos ba, don haka lakar da ke ɗauke da shi a mazauninsa na asali ta girmi shekara miliyan 66, ambaliyar Apectodinium kuwa alama ce ta zafin da ya game duniya kimanin shekara miliyan 56 da suka wuce. Yana faɗin yanayi: inda ƙwanso ya rinjayi ƙurar furanni, teku ne, inda ƙurar furanni ta rinjaya, an kusanci gaɓa ko an hau tudu, yawan dangin Peridinium kuma yakan nuna ruwa mai yalwar abinci. Yana kuma faɗin dangantakar tekuna. A 1980 Lentin da Williams suka nuna cewa tekunan wurare masu zafi na ƙarshen Kiretashiyos suna da nasu jerin nau'o'i, irin su Andalusiella da Senegalinium, wanda aka raɗa wa sunan Sanagal. Kwatanta irin wannan jeri tsakanin Sakkwato, Bida da kudancin Najeriya na cikin hanyoyin tunkarar tsohuwar muhawarar masana: shin tekun da ya gangaro daga arewa ta tsakiyar Sahara ya haɗe da na Gini a wancan lokaci, kuma ta wace hanya?

Launi, mai da kuɗin jama'a

Ba don sha'awar tarihi kaɗai kamfanonin mai suka ɗauki nauyin wannan ilimi ba. Ƙwanso da ƙurar furanni suna sauya launi gwargwadon zafin da suka sha a cikin ƙasa, kamar gyaɗa a kasko. Ruwan ɗorawa mai haske yana nufin laka ba ta nuna ba, ba ta kai ga fitar da mai ba. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ne matakin mai. Baƙi yana nufin ta wuce, sai dai iskar gas ko babu komai. Frank Staplin ya tsara ma'aunin wannan launi a 1969, kuma har yau ana amfani da shi tare da wasu gwaje-gwaje.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Nijar ta fara fitar da mai daga Agadem a 2011, tare da matatar Damagaram. A Najeriya an sanar da samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauci da Gombe, a 2019, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022. Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin 100 na wani ɓangare na ribar NNPC don neman mai a sababbin kwaruruka, kuma Sakkwato da Bida da Chadi suna cikin jerin. Tun daga nan maganar man Arewa ta zama abin hawa mumbarin siyasa, masu murna da masu musu kowa na faɗin son ransa.

Kasancewar teku ya taɓa kwanciya a wuri sharaɗi ɗaya ne kawai daga cikin sharuɗɗa. Sai lakar ta ƙunshi isasshen ragowar halittu, ta nutse da zurfin da zai dafa ta, a samu yashin da zai riƙe man da kuma shimfiɗar da za ta rufe shi. Ɓangaren Najeriya na kwarin Iullemmeden gefe ne, inda shimfiɗu ke sirancewa har su ƙare a jikin tsofaffin duwatsu. Saboda haka idan aka sake yin shelar an gano mai a wani wuri, ɗan jarida ko ɗan majalisa ko ma'aikacin gwamnati yana da tambayoyi takamaimai da zai yi: wace shimfiɗa ce, shekarunta nawa, wane launi burbushinta ya nuna, a wane zurfi, kuma wa ya duba samfurin? Amsoshin suna kan gilashin da bai fi yatsa biyu ba, kuma kuɗin duba shi bai kai komai ba idan aka kwatanta da kuɗin haƙa rijiya guda.

Sauran magana ita ce ta masu duban. A 1985 Roger Jan du Chêne da abokin aikinsa Adediran suka bayyana ƙwanson Faliyosin daga kudu maso yammacin Najeriya, suka sa wa wani sabon jinsi suna Ifecysta don girmama Ife, inda aka yi aikin. Goronyo da Sakkwato sun shiga kundin sunayen kimiyya ta hannun baƙi, ta dalilin ƙasusuwan da aka kwashe zuwa Turai. Yau akwai jami'o'i a Sakkwato, Zariya, Kano, Katsina, Birnin Kabi, da ta tarayya a Dutsin-Ma wadda aka kafa a 2011. Abin da aikin ke bukata shi ne ɗakin gwaji mai kariya daga asid, madubi mai kyau, rumbun adana samfurin duk rijiyar da aka haƙa da kuɗin gwamnati maimakon zubar da shi a bakin rami, da ɗalibin da zai jure zaman ƙirga farantai na shekaru. Kowace rijiyar burtsatse mai zurfi da aka haƙa daga Illela zuwa Argungu tana turo wannan laka waje, kuma yawancinta ruwan damina ke wankewa.